Idan garke ya watse: darasi daga Ayuba

 Yau maganarmu a kan riƙe bangaskiya ce a lokacin da duniya ta yi duhu.

Duhun nan kun san shi. Wani ya kwana da garke, gari ya waye sai turaku da igiyoyi. Wani kuwa motar kayansa ta maƙale a boda lokacin da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, albasa ta ruɓe, bashi ya hau kansa. A irin wannan dare mutum kan tambaya, shin Allah yana gani kuwa?

Mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu duba Ayuba. Shi ma fa makiyayi ne: tumaki 7,000, raƙuma 3,000, shanun huɗa bijimi biyu-biyu har 500, da jakai 500. Rana ɗaya mahara suka kore shanu da jakai, suka kashe masu kiwo. Wuta ta cinye tumaki. Kaldiyawa suka kasu kashi uku suka kwashe raƙuma. Kafin ya numfasa, guguwa ta rushe gida a kan 'ya'yansa goma. To, satar shanu ba yau ta fara ba.

Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zo jaje. Kwana bakwai suna zaune tare da shi a ƙasa, ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki kuwa sai suka ɓata rawarsu da tsalle, wai lalle akwai zunubin da ya ɓoye. A ƙarshen littafin Ubangiji da kansa ya tsawata musu. Don haka ɗan'uwa, idan an kore maka dabbobi, kada wani ya sa ka ɗauka Allah ne ya tsane ka. Kai kuma mai zuwa jaje, ka zauna, ka kawo ɗan hatsi, ka rage wa'azi.

Haƙurin Ayuba da muke ta ambato ba na kame baki ba ne. Ya yi kuka, ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi Allah ya ba shi amsa. Amma duk kukan nan wurin Allah ya kai shi, bai juya masa baya ba. Kai ma ka yi haka. Ko addu'a ta ƙi fitowa, ka faɗa masa abin da ke cinka, a bakin rijiya ko a rumfar kasuwa. Yesu Almasihu ma ya yi kuka ga Uba a kan gicciye.

Ba zan yi muku alkawarin za a ninka muku garke kamar yadda aka yi wa Ayuba ba. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya yi addu'a shanu su dawo, ku yi hattara da shi. Ku dai lura cewa sai da Ayuba ya yi wa abokan da suka ɓata masa rai addu'a kafin al'amuransa suka gyaru. Kada ɗaci ya kai ku ga ramuwa a kan maƙwabcin da bai ji ba bai gani ba. Ran Lahadi ku je sujada ko da hannu wofi, ikilisiya ta san halin da kuke ciki.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ubangiji ya tsare hanya, ya tsare garke.