Jawabin Taron Wata: Inshorar Lafiya Da Sayen Magani Ta Waya



Jama'a, tun shekarar 2022 doka ta wajabta inshorar lafiya a Nijeriya, ƙarƙashin hukumar NHIA. Mu nan Legas muna da shirin jiha, wato Ilera Eko. To amma fa kati kaɗai ba ya kawo magani, musamman ga masu saye ta intanet don gudun cunkoson hanya.

Da farko dai, likitan asibitin da muka yi rajista shi zai rubuta takardar magani. Sai mu ɗauki hotonta mu tura wa kantin, shi kuma ya nemi lambar amincewa daga kamfanin inshora. In maganin ba ya cikin jerin da suka yarda da shi, ko kantin ba nasu ba ne, za su ƙi. Saboda haka kada mu biya ko kwabo kafin lambar ta fito, don dawo da kuɗi akwai wuya.

Mu tabbata kantin yana da rajistar hukumar PCN, mu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Araha ba ta ado.

Masu hawan jini da ciwon sukari, mu tura takarda tun saura mako guda magani ya ƙare, don yanke shi kan jawo shanyewar ɓarin jiki, Allah ya kiyaye. Yaranmu 'yan boko su taimaka wa dattawa da wayar.

Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka. Wassalam.