Bindiga a Cikin Mota: Jawabin Sakataren Ƙungiya Ranar Bikin Zagayowar Shekara

Shugaba, dattawanmu na Zongo, alhazai da hajiyoyi, direbobi da yaran mota, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

An ce in yi magana kan bindiga, kuma na san dalili. Tun da hanyar Fada zuwa Kantchari ta lalace, ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba, suka ja ni gefe bayan La'asar suna cewa: Alhaji, in na sa 'yar ƙaramar bindiga ƙarƙashin kujera, wa zai sani? Ban ga laifin mai tambaya ba. Duk wanda ya taɓa taso wa daga kasuwar Pouytenga da kuɗin shanu a ƙugunsa, ya san yadda gaba ke faɗuwa in an ga fitila a daji.

To, a nan Burkina takardar makami ba ɗaya ba ce. Akwai izinin saye, akwai izinin ajiyewa, sannan akwai parmin ɗauka. Mai takardar ajiyewa kaɗai, bindigarsa ta gida ce. In ya sa ta a mota ya hau titi, ya shiga wani babi, domin a wurin jandarma mota ba ɗakin kwana ba ce. Kuma a 2021 Majalisa ta yi sabuwar dokar makamai, saboda haka mai tsohuwar takarda kada ya saki jiki.

Ko da takardunka sun cika, a Dakola suke ƙarewa. Da ka taka Paga, lasisin 'yan sandan Gana ake tambaya, ba namu ba. Haka Cinkassé, haka Niangoloko. Yarjejeniyar ƙananan makamai da CEDEAO ta sa wa hannu a Abuja a 2006 ta ce baƙon da zai shiga ƙasa da makami sai ya nemi takardar izini tun kafin ya iso. Gaskiya ne mu da Mali da Nijar mun fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, amma Gana da Togo da Benin da Najeriya suna ciki, kuma kasuwarsu muke ci. Fasfon AES kuwa na mutum ne, ba ya ƙetarar da bindiga.

Masu zuwa Kano, ku buɗe kunne. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin haramtattun makamai, shugaban ƙasa kaɗai ke ba da lasisinta. Wata doka ta 1984 kuma ta tanadi tara, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun.

Abin da ya fi damuna ma ba wanda ya ɗauka da saninsa ba ne. Ya taɓa faruwa da ni. Na yi lodin albasa za ta Kumasi, ashe yaron mota ya karɓi saƙo a tasha, kwali ɗaure da roba, an ba shi jaka biyu ladan kaiwa. A shinge aka buɗe. Direbana ya kwana goma sha ɗaya a tsare, ni mai kaya na yi ta safa da marwa da takardu, albasa kuwa ta ruɓe a cikin motar tana tsaye a rana. Yaron bai san abin da ya ɗauko ba, na yarda da shi har yau, amma babu wanda ya tambaye ni ko na yarda. A wannan zamani kuma, in an ga makami a motar kaya, ba fashi ake fara zargi ba. Kun san abin da nake nufi.

Don haka kafin lodi mai kaya ya duba ƙarƙashin kujera da akwatin spana da idonsa, kada ya ji kunyar direba. Saƙon da ba a buɗe a gabanka ba, ko na surukinka ne, ka bar shi. Kuɗi a tura ta banki ko Orange Money. Masu bin Kaya zuwa Dori su jira ayarin da sojoji ke rakawa, ko zai ɗauki kwanaki.

Wanda ke da bindiga a gida, ya kawo mini takardunsa ofis ranar Asabar bayan Azahar, mu duba tare. Takardun kawai, don Allah, bindigar ta zauna a gida.