Kasa Kaya a Cikin Waya: Jawabi ga 'Yan Kasuwar Sabo a Kan Talla ta Instagram

   

An ɗora mana nauyin mu yi bayani a kan wannan abu da ake kira Instagram, da yadda ɗan kasuwa zai ci moriyarsa ba tare da ya ƙona hannu ba. Mun san akwai dattawa a nan da ke ganin abin wasan yara ne, na ɗaukar hoto da nuna kwalliya. Suna da gaskiyarsu, domin da haka ya fara. Wasu samari biyu ne a Amurka, Kevin Systrom da Mike Krieger, suka fito da shi a watan Oktoba na 2010 don mutane su riƙa nuna wa juna hotuna. Bai cika shekara biyu ba, a 2012, kamfanin Facebook ya saye shi a kan dala biliyan 1. A 2018 masu shigarsa a wata suka kai biliyan 1. To jama'a, duk inda mutane suka taru haka, ai kasuwa ta ci, ko mun je ko ba mu je ba.

Mu tuna da yadda Sabon nan ta kafu tun 1916. Bafatake ya taso daga Kano ko Sakkwato da shanu, bai san kowa a Badun ba, ba ya jin Yarabanci. Sai ya sauka wurin maigida. Maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni in mahauci ya ɗauki sa bashi. Haka goro yake tafiya Arewa. Abin da ya riƙe cinikin nan ba takarda ba ce, sanayya ce da amana. A Instagram kuwa babu maigida. Mai saye yana Bodija ko Legas ko Fatakwal, bai taɓa ganinka ba, kuma kana so ya tura maka kuɗinsa kafin ya taɓa kaya. Cinikin biri a sama ke nan. Saboda haka duk abin da za mu faɗa yau, dabara ce ta yadda shafinka zai tsaya maka a matsayin maigida da dillali gaba ɗaya.

Mu fara da hoto, tunda shi ne rumfar. Ku ɗauki kayanku na gaskiya, da hasken rana, da safe ko bayan la'asar, a kan ƙyalle mai tsabta. Ba sai da waya mai tsada ba. Goge idon kyamara da gefen riga ma kan gyara rabin aikin. Abin da muke roƙo shi ne a daina ɗauko hoton wani a liƙa. Tela ya ga babbar riga mai aiki a shafin wani telan Kano, ya kwafo ya sa a nasa, aka ba shi shadda da kuɗi, ya ɗinka abin da ko kusa bai kama ba. Me zai biyo baya? Mai kayan zai jera hoto biyu, wanda ya nema da wanda aka kawo masa, ya watsa wa duniya. A da, in ka ɓata wa mutum ɗinki, shi da abokansa ne suka sani. Yanzu garin nan kaf sai ya ji, kuma ba sunanka kaɗai za a kira ba, cewa za a yi telan Sabo. Mu da muke zaune cikin mutane, laifin ɗaya kan shafi saura.

Tun 2020 suka ƙaro gajeren bidiyo da suke kira Reels, kuma shi manhajar ta fi tura wa waɗanda ba su san ka ba. A nan Allah ya ba mu sa'a, domin sana'o'inmu masu daɗin kallo ne. Mai tsire yana barbaɗa yaji wuta na ci, mai kilishi yana shanya nama, mai hula yana wanki da guga a kan gungume, hajiya tana haɗa turaren wuta da humra. Abin da muka saba gani har ya gundure mu, ɗalibin jami'a ko ma'aikacin banki tsayawa yake ya kalla. Amma fa kafin a ɗauka a share wurin. Gani ya kori ji, kuma kyamara ba ta ɓoye ƙuda.

Sai farashi. Mun san halinmu, Bahaushe ba ya son faɗin kuɗi sai an taya, ya ce albarka, a ja, a sauko. Shi ya sa shafukanmu suka cika da "zo ta ciki mu yi magana". Mu a ganinmu wannan hasara ce. Wanda ke latsa waya ba shi da haƙurin taye. In bai ga kuɗi ba sai ya wuce gaba, ko ya zaci ana so a duba tufarsa ne kafin a yanka masa. Rubuta farashi, rubuta awo, kilo ne ko mudu ko yadi, ka faɗi kuɗin kai kaya daban. Kuma a rubuta da Turanci mai sauƙi tare da Hausa, wanda ya iya Yarabanci ya ƙara ko gaisuwa ce. Yawancin masu saye a wurinmu ba Hausawa ba ne.

A mai da shafi na kasuwanci, kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. In an yi haka za a iya sa adireshin shago da maɓallin da zai kai mutum WhatsApp kai tsaye, kuma manhajar za ta nuna maka garuruwan da mabiyanka suke da lokacin da suka fi shiga. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwancinsa da CAC ya rubuta lambar. Masu kayan ci da na shafawa da ake zubawa a mazubi, akwai batun lambar NAFDAC. Masu magungunan gargajiya kuwa, don Allah a daina cewa garin magani ɗaya yana warkar da cuta goma.

Akwai kuma talla ta biya, inda za ka ba kamfanin kuɗi kullum ya nuna hotonka ga mutanen yankin da ka zaɓa. Tun Janairun 2022 suna ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kai, sai a sa shi a lissafi. Shawararmu a fara da kaɗan, a taƙaita ga Badun. Mai tsire a Mokola ya biya a nuna shi a Maiduguri, wa zai kai? Su kuma masu sayar da mabiya, dubu kaza a kan naira kaza, ku rabu da su. Gumaka ne, ba sa saye, ba sa taya.

Iyayenmu mata, wannan magana taku ce fiye da kowa. Tun kaka da kakanni mace tana sana'a a cikin gida, yarinya ke fita da tire. Yau waya na iya ɗaukar wannan tiren, yarinya ta tafi makaranta, boko da Islamiyya. Ba dole ba ne ki nuna fuskarki ko ta 'yarki, kayan ake saye. Kada kuma a rubuta adireshin gida. A sa wurin karɓa a shagon maigida ko na wani ɗan'uwa a bakin titi.

Yanzu ga inda ake kuka. Kada a saki kaya don an turo hoton rasit, ko don saƙo ya shigo waya. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka, alat na bogi ya yi yawa. In kaya za su bi mota, ɗauki hotonsu a ɗaure, da lambar mota da ta direba, ka tura wa mai su. Wani ɗan'uwanmu a nan, ya yi shekaru yana tara mabiya, aka turo masa saƙo wai daga kamfani ne, za a rufe shafinsa in bai latsa wani wuri ya sa kalmar sirrinsa ba. Ya sa. Kafin magariba shafin ya koma hannun wasu, suna karɓar kuɗin abokan cinikinsa da sunansa, mutane suna zuwa shago suna neman kayansu. Sai da dattawa suka shiga maganar. Saboda haka a kunna makulli na biyu, wanda sai an sa wasu lambobi kafin a shiga, kuma lambobin nan ko ɗan cikinka ne ya kira a waya kada ka karanta masa.

Daɗin daɗawa, mu sani rumfar nan ta haya ce. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke wajen awa 6 a duniya baki ɗaya. A Yunin shekarar gwamnati ta dakatar da Twitter, sai Janairun 2022 aka buɗe. A 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta ci kamfanin Meta, mai Instagram, tarar dala miliyan 220, har a 2025 kamfanin ya ce yana iya rufe Facebook da Instagram a Nijeriya. Don haka duk wanda ya sayi kaya a wurinka, nemi izininsa ka rubuta suna da lamba da abin da ya saya a littafi, irin littafin bashin nan da iyayenmu ke ajiyewa a ƙarƙashin buzu.

Wanda yake so a gyara masa shafi ko a kunna masa makullin nan, yaranmu suna nan a bayan rumfa bayan an tashi, ya zo da wayarsa da cajinta, kuma shi zai latsa kalmar sirrinsa da hannunsa. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.