Jawabi ga Hakimai da Malamansu Kan Kafa Rumfa a Lokacin Bazara

Maganar yau a kan rumfa ce, abin da kowane yaron ƙauye ke gani ya iya. Amma hakimin da ya tara jama'a a fili cikin watan Afrilu, ko don allurar rigakafi, ko rabon taki, ko sasanta rikicin iyakar gona, to lafiyarsu amana ce a wuyansa har su watse. In inuwa ta gaza, masu goyo da tsofaffi su ne ke fara tashi, alhali kuwa domin su aka yi taron.

A ɗauki Durba misali, a ƙasar Kibiya, cikin Masarautar Rano, wadda dokar 2024 ta haɗa mata Rano da Kibiya da Bunkure. A nan zafi yakan tsananta daga Maris zuwa Mayu, har ma'auni ya kai digiri 40. Ba a daɗe da ganin aya ba: a bazarar 2024, wadda ta zo daidai da azumi, zafi ya wuce digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali. Saboda haka kada a bar kafa rumfa sai ranar taro.

Abu na farko shi ne wuri. Kada a kafa a gindin dutse, ko da yake duwatsu suna da yawa a ƙasar Rano, domin dutse yakan sha rana wuni, sa'an nan ya yi ta amayar da zafi har dare. A nemi tudu-tudu inda iska ke ratsawa. In da gawo kusa, madalla, don shi da rani yake da ganye, sai damina ya kaɗe. Tsamiya ma tana da inuwa mai sanyi. Giginya kuwa an san halinta, na nesa ke shan inuwarta.

Na biyu, fuska. Kamata ya yi tsawon rumfa ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Dalili kuwa shi ne, a ƙarshen Afrilu rana takan bi ta tsakar ka sosai a ƙasar Kano, watau da tsakar rana rufi kaɗai ya isa. Wadda ke shigowa ciki ita ce ta hantsi da ta la'asar, ta la'asar kuwa ta fi cuta. Sai a tare yamma da zana, a bar kudu da arewa a buɗe.

Na uku, gini. Rumfa mai tsawon ƙafa 24 da faɗin ƙafa 12 za ta ɗauki mutum wajen 30 a zaune. A haƙa ramin kowace dirka zurfin ƙafa 2, a babbaka gindinta, a zuba toka saboda gara, a dandaƙe ƙasar sosai. Tsakanin dirka da dirka kada ya wuce ƙafa 8, tsayi kuwa kada ya gaza ƙafa 8, gama rufin da ya yi kusa da kai zafinsa a kan mutane yake sauka. A gicciya sanduna, a ɗaure da igiyar rama, a jera karan dawa da kauri, a ɗora zana a bisa. Ga yadda malamin hakimi zai gwada aikin: ya shiga da tsakar rana ya dubi ƙasa. In ya ga ɗigon haske a kan tabarma, kara bai isa ba.

Yanzu da yawa sun koma ga tamfol da kwano saboda sauƙi. Su kaɗai ba su da amfani da bazara, don sukan ɗauki zafi su mayar da shi ƙasa. In lalle sai an yi da su, a shimfiɗa kara ko zana a kansu.

Itacen dirka kuma a sare shi daga rassan darbejiya, wadda ke sake tohowa. Kada dagaci ya yarda a taɓa ɗorawa ko kaɗanya saboda rumfar kwana biyu.

Na huɗu, tsaro. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa. A danne rufi da sanduna, a ƙara ɗauri a dirkokin gabas. Busasshen kara kuwa abokin wuta ne: murhu da masu tuya su yi nisan taku 20 aƙalla, a bar rata tsakanin rumfa da rumfa. In za a kwana, a share ƙasa, a kakkaɓe tabarmi saboda kunama.

A ajiye randa a inuwa, da moɗa, da mai kula da ita. Wanda aka ga ya fara jiri, ko ya ruɗe, ko jikinsa ya yi zafi zau, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a gaggauta kai shi asibiti.

Aikin malamin hakimi ne ya rubuta wa dagaci tun da sauran mako guda, ya faɗi yawan mutanen da ake tsammani, ya kuma je ya duba da idonsa ana gobe taro. Ya fi kyau a sanar tun da kaka, a ware kara kafin dabbobi su cinye.

Allah ya ba iyayen ƙasa ikon riƙon amana, amin.