Injin Wankin Ƙoda Yana Asibiti, Sauran Jinyar Tana Gidajenmu



Da yawanmu da ke zaune a birni mun taɓa sauke ɗan uwa da ya taho daga gida domin wankin ƙoda, ko dai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya fara dashen ƙoda tun 2002, ko a Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa. Mukan haɗa kuɗi, mu kai shi, mu dawo da shi, mu ɗauka mun sauke nauyi. To, bari mu yi ɗan lissafi. A ƙa'ida ana wankin sau uku a mako, awa huɗu-huɗu, watau awa 12. Mako kuwa awa 168 ne. Sauran awa 156 ɗin, majinyacin yana hannun kansa da hannunmu. Wanda ƙarfinsa bai wuce wanki ɗaya ko biyu a mako ba, kiyayewar da ke kansa ta fi haka yawa.

Na farko, ruwa. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da shi, sai ya taru a ƙafafu da huhu, numfashi ya yi wuya. Galibi likitoci kan ƙayyade wa mutum gwargwadon fitsarin da ya yi a kwana guda, a ƙara rabin lita, kimanin leda ɗaya ta fiya wata. Kunu da koko da fura duk suna cikin lissafin. A ajiye sikeli a gida a riƙa hawa kullum, domin ƙarin kilo ɗaya ruwa ne lita ɗaya.

Na biyu, abinci. Allah Ya albarkace mu da maƙwabtaka da Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ke shayar da gonakin rani. Sai dai tumatirin da muke alfahari da shi, da alayyahu, da dankali, da ayaba, da lemo, da dabino, suna ɗauke da sinadarin fotashiyam mai yawa, wanda idan ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Gishiri da kanwa da dunƙulen miya kuwa ƙishirwa suke jawowa, su tayar da hawan jini. Don haka uwargida mai riƙe da tukunya ta raka majinyaci wurin likita, ta ji bayani da kunnenta. Kada karamcinmu ya zama cutarwa.

Na uku, hannun da aka haɗa wa jijiya domin wankin. Ba a kwanciya a kansa, ba a ɗaukar kaya mai nauyi da shi, ba a ɗibar jini ko awon hawan jini a jikinsa. Idan motsin da ake ji a wurin ya tsaya, a garzaya asibiti.

Na huɗu, a guji jiƙe-jiƙe da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, sai abin da likita ya rubuta. Batun azumi ma a nemi shawararsa tukuna.

Muna roƙon ƙungiya ta gayyato ma'aikatan sashen ƙoda su koyar da iyalanmu da Hausa, ta kuma shirya awon hawan jini da ciwon suga duk lokacin da muka koma gida, tunda su ne kan gaba wajen lalata ƙoda. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.