Burodi, Alkama da Hatsinmu na Gida: Jawabi a Taron Ƙungiya, Sabo, Ibadan

 

Abin da ya sa na nemi wannan dama shi ne wata magana da ta shigo gari. Yaranmu suna gani a waya cewa wai alkama guba ce, a daina cin burodi. Wasu kuma suka ce ai wannan iyayin Turawa ne. To, jama'a, kowane ɓangare ya faɗi rabi ya bar rabi.

A cikin alkama da sha'ir akwai wani danƙo da ake kira gulutin. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi ya tashi. Yawancin mutane ba ya yi musu komai. Amma akwai masu wata cuta, siliyak, kamar mutum 1 cikin 100 a duniya, waɗanda wannan danƙo ke lalata musu 'yan hanji. Za ka ga yaro da zawo ba ƙaƙƙautawa, ciki a kumbure, ga rama, ga ƙarancin jini. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya nuna a 1950 cewa alkama ce sanadi. Maganinta guda ne: barin alkama har ƙarshen rayuwa.

Sai dai don Allah kada uwa ta yanke hukunci da kanta. A kai yaro asibiti a gwada jininsa tun yana cin alkamar, domin in an riga an daina, gwajin ba zai nuna gaskiya ba.

Yanzu bari mu taɓo gwamnati. Manyanmu za su tuna a 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, har sai 1992 aka ɗage. A zamanin Obasanjo aka umarci masu niƙa su sa garin rogo kashi 10 cikin 100 a fulawa, sannan a 2012 gwamnatin Jonathan ta sake tallata burodin rogo. Manufar duk ita ce rage kuɗin da ƙasa ke kashewa wajen sayo alkama daga waje. Ba don masu ciwo aka yi ba. Saboda haka ku riƙe wannan: burodin rogo na kasuwa, mafi yawansa alkama ne. Mai siliyak bai tsira da shi ba.

Ina mafita? Tana cikin rumbun kakanninmu. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo da wake, babu gulutin a ko ɗaya. Waina, sinasir, ƙosai, alale, fura da tuwon dawa duk nasa ne. Amma gurasa, alkaki, funkaso, fanke, taliya da samonbita, waɗannan alkama ce zalla.

Iyayena mata, a nan aikinku yake. Ɗanwake da wainar sayarwa, sau da yawa ana haɗa su da fulawa, sai a tambaya. Injin da ya niƙa alkama kan bar saura a garinki. Man da aka soya fanke, kada a soya wa mai ciwo ƙosai a cikinsa. A ware masa rariya da muciya nasa.

Mai son gashi a gida ta sani cewa garin shinkafa ba ya danƙo, burodinsa farfashewa yake yi. Sai ki haɗa shi da ɗan garin rogo mai laushi, ki ƙara ƙwai, ki yi kwaɓin ruwa-ruwa kamar na sinasir, ki sa yis ya tashi, ki gasa a ƙananan gwangwanaye.

Mu da lafiyarmu ƙalau kuwa, ba a ce mu bar burodi ba. Amma tun yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 mun ga yadda fulawa ta yi tashin gwauron zabo. Kunun gero da ƙosai da safe ba abin kunya ba ne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

 Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.