Jawabi ga Ɗaliban Kimiyya na Tsaskiya a Ranar Yaye Su



A shekarar 2004, wasu masana a birnin Pune na ƙasar Indiya suka tafasa ganyen darbejiya, irin wadda ke inuwa a ƙofar gidajen Tsaskiya, suka zuba ruwan cikin narkakken gishirin azurfa. Ruwan ya rine. Abin da ya rina shi ƙwayoyin azurfa ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Silin gashin mutum kaurinsa ya kai nanomita 80,000. Azurfa idan ta ƙanƙance haka tana kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake sa ta a bandejin ƙuna da tukwanen tace ruwa.

A da, sai da sinadarai masu guba ake samun waɗannan ƙwayoyi, ko kuma a shafe sa'o'i ana dafawa. Ganye ya rage buƙatar gubar. Lokacin kuwa na'urar maikrowef ce ta rage shi, wadda Percy Spencer ya gano sirrinta a Amurka a 1945, masana sinadarai kuma suka fara haɗa sinadarai da ita a 1986. Wutar murhu tukunya take fara zafafawa. Maikrowef kuwa ruwan da kansa take motsawa, zafi ya tashi daga ciki. Aikin sa'o'i sai ya kammala cikin mintoci, ƙwayoyin kuma su fito kusan girma ɗaya.

Kada a ɗauka abin ba shi da aibu. Azurfar da ke kashe cuta tana cutar da kifi idan aka zubar da ita a rafi, kuma na'urar ba ta aiki sai da lantarki, wanda kowa a nan ya san halinsa.

Ɗalibai, idan kuna son koyon irin wannan aiki, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, maƙwabciyar ƙaramar hukumarmu ta Safana ce. Ga kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Dukansu suna koyar da ilimin sinadarai. Iyaye, a taimaka a bar 'yan matan nan su ma su cike takardar JAMB ta neman shiga jami'a bana.

Allah ya yi wa karatunku albarka.